Yadda Ake Zuba Fayil Mai Dubban Layuka Cikin Teburin Rumbun Bayanai

Tambayar da masu koyon aikin rumbun bayanai suka fi yi mini ita ce: "An ba ni fayil mai layi dubu ɗari biyu, yaya zan zuba shi cikin tebur?" Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai wanda ya rubuta INSERT yana tura layi ɗaya-ɗaya, kwamfuta ta wuni tana abu ɗaya. Akwai kuma wanda ya loda cikin minti biyu ya tashi yana murna, sai bayan mako guda ya gano lambobin waya sun zubar da sifilinsu na farko, ranakun Afrilu kuma sun koma Maris. Na biyun ya fi damuna, domin ɓarnarsa ba ta kuka.

Lodin kansa umarni ɗaya ne. Aikin yana wajen duba fayil kafin a loda, da tantance abin da ya shiga bayan an loda. Zan bi matakan da PostgreSQL, in nuna inda MySQL da SQLite suka bambanta. Misalinmu fayil ne na CSV (rubutu zalla da ake raba ginshiƙansa da waƙafi ko makamancinsa) mai suna mambobi.csv, mai ginshiƙai biyar: lamba, suna, waya, ranar shiga da kuɗin rajista.

Abin da za ka tanada

PostgreSQL, SQLite da MySQL na gama-gari duk kyauta ne, haka ma psql, manhajar da ake buga wa PostgreSQL umarni da ita, da sauran kayan da za mu yi aiki da su. Abin da aikin zai ci shi ne wuri da lokaci. Bayanan za su zauna a fayil, su zauna a teburin wucin gadi, su sake zama a ainihin tebur tare da fihirisarsa (index, jerin da ke sa bincike ya yi sauri), don haka ka tabbatar faifan sabar yana da sarari ninki uku ko huɗu na girman fayil ɗin. Idan rumbunka na haya ne a gajimare, ka tuna ana cajin wurin ajiya, kuma wasu kamfanonin ba sa bari a rage girman faifai bayan an ƙara shi. Kana kuma buƙatar izinin ƙirƙirar tebur da na rubutu a cikinsa.

1. Leƙa fayil ɗin da idonka

Kafin komai, ga umarni uku a Linux ko Mac:

```
head -n 5 mambobi.csv
wc -l mambobi.csv
file mambobi.csv
```

Na farko zai nuna layuka biyar na sama, na biyu ya ƙirga layuka, na uku ya faɗi tsarin haruffan fayil ɗin da irin ƙarshen layinsa. A Windows, `Get-Content mambobi.csv -TotalCount 5` a PowerShell zai yi aikin na farko.

Abubuwa huɗu kake nema. Me ya raba ginshiƙai: waƙafi ne, waƙafi mai ruwa ne, ko tazarar tab? Fayilolin da suka fito daga ƙasashe irin su Jamus da Faransa sukan zo da waƙafi mai ruwa, domin a can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta. Layin farko sunayen ginshiƙai ne ko bayanai? An kewaye rubutu da alamar zance? Sannan yaya aka rubuta kwanan wata? Rubuta adadin layukan a takarda, za ka neme shi a mataki na 6.

Gargaɗi: kada ka buɗe fayil ɗin da Excel ka danna ajiyewa. Excel yana ɗaukar duk abin da ya yi kama da lamba a matsayin lamba. Zai cire sifilin farko, 00731 ta koma 731. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 zai mayar da ƙarshenta sifili. Rubutu irin 3-4 zai iya mayar da shi kwanan wata. Kuma shafinsa ɗaya ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, abin da ya haura sai ya bar shi a waje. Idan ka ajiye a kan fayil na asali, babu hanyar dawowa. Yi kwafi, ka ajiye na asalin inda hannu ba zai kai ba.

2. Daidaita tsarin haruffa

Ana so fayil ya kasance UTF-8. Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su ne ke fara lalacewa idan aka samu saɓani. Lalacewar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Idan ka ga Æ™ a inda ya kamata a ga ƙ, ko É— a madadin ɗ, yawanci fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta UTF-8 da tsohon tsarin Windows-1252. Faɗa wa manhajar tsarin da ya dace, haruffan za su dawo. Amma idan alamar tambaya ka gani a gurbin harafin, to an riga an yi asara tun lokacin ajiyewa, domin Windows-1252 ba shi da waɗannan haruffa ko kaɗan. Babu umarnin da zai dawo da su. Koma wurin wanda ya ba ka fayil ɗin ya sake fitar da shi, kuma idan daga Excel zai fitar, ya zaɓi "CSV UTF-8", ba CSV zalla ba.

Fayil ɗin da yake tsohon tsari amma bai lalace ba, ana juya shi haka:

```
iconv -f WINDOWS-1252 -t UTF-8 tsoho.csv > mambobi.csv
```

A kula: zaɓin "CSV UTF-8" na Excel yana liƙa wata alama marar ganuwa mai bayit uku a farkon fayil, wadda ake kira BOM. Idan za ka tsallake layin farko, ba ruwanka da ita. Idan fayil ɗin ba shi da layin sunaye, za ta manne wa darajar farko ta hana ta zama lamba. A Linux ana cire ta da `sed -i '1s/^\xEF\xBB\xBF//' mambobi.csv`.

3. Ɗauki kwafin ajiya

Idan teburin da za ka zuba wa yana da bayanai a ciki, kwafe shi tukuna:

```
pg_dump -t mambobi -f mambobi_kafin_lodi.sql rumbuna
```

A nan `rumbuna` sunan rumbun ne, `mambobi` kuma sunan teburin. A MySQL, `mysqldump rumbuna mambobi > mambobi_kafin_lodi.sql`. Buɗe fayil ɗin da ya fito ka ga akwai abu a ciki.

4. Gina teburin zango

Nan ne na fi so ka tsaya. Kada ka loda kai tsaye cikin ainihin tebur. Gina wani tebur na wucin gadi, wanda nake kira teburin zango, inda bayanai za su yada zango a duba su kafin su ƙarasa gida. Duk ginshiƙansa su zama rubutu zalla, ba mabuɗi, ba fihirisa, ba wata ƙa'ida:

```
CREATE UNLOGGED TABLE zango_mambobi (
  lamba text,
  suna text,
  waya text,
  ranar_shiga text,
  kudi text
);
```

Dalilin mai sauƙi ne. Idan ginshiƙin kuɗi lamba ne, kuma a layi na 150,000 wani ya rubuta "bai biya ba", PostgreSQL zai watsar da lodin gaba ɗaya. Ka gyara wannan layin, ka sake lodawa, ya sake tsayawa a wani layin gaba. Haka za ka yi ta yi har ka gaji. Amma rubutu zalla yana karɓar komai, sai ka zo da tambaya ɗaya ta SQL ka zaƙulo duk layukan da ke da matsala a lokaci guda. Ƙari a kan haka, kana da shaidar ainihin abin da aka ba ka, idan gobe aka ce kai ka ɓata.

Kalmar UNLOGGED tana hana PostgreSQL rubuta wannan tebur a kundin da yake farfaɗowa da shi bayan hatsari, shi ya sa lodin ke sauri. Sakamakon haka, idan sabar ta mutu ba zato, teburin zai tashi fanko. Ga teburin zango ba komai, fayil yana nan. Ga ainihin tebur kuwa, kada ka kuskura.

Jerin ginshiƙai ya bi jerin da ke cikin fayil ɗin daidai. Masu lodi ba sa duba sunaye, matsayi suke bi: na farko zuwa na farko, na biyu zuwa na biyu. Idan suna da waya sun yi musayar wuri, babu abin da zai yi ƙara.

5. Loda

*PostgreSQL.* Shiga psql ka rubuta wannan a layi ɗaya, domin umarnin ba ya yarda a karya shi:

```
\copy zango_mambobi FROM 'mambobi.csv' WITH (FORMAT csv, HEADER true, ENCODING 'UTF8')
```

Idan ya yi, zai amsa da COPY da adadin layukan da suka shiga. Don fayil mai waƙafi mai ruwa, ƙara `DELIMITER ';'`.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne rikita `\copy` da `COPY`. Mai karan gicciye yana karanta fayil daga kwamfutar da kake zaune a gabanta. Marar karan yana neman fayil a kan sabar kanta, kuma yana buƙatar babban izini ko matsayin pg_read_server_files. Shi ya sa mutum zai rantse fayil yana nan, sabar ta ce babu. Dukansu gaskiya suka faɗa, kwamfutoci biyu suke magana a kai. A rumbun haya na gajimare, `\copy` ne kusan kullum hanyarka.

Lodin PostgreSQL ko duka ne ko babu. Idan ya tsaya, zai faɗi lambar layin, ka duba shi da `sed -n '4512p' mambobi.csv`. Saƙonnin da aka fi gani:

- `extra data after last expected column`: akwai waƙafi a cikin rubutu da ba a kewaye da alamar zance ba, galibi a adireshi.
- `missing data for column`: layin ya gaza, ko akwai layin jimilla a ƙasan fayil.
- `invalid byte sequence for encoding "UTF8"`: koma mataki na 2.
- `unterminated CSV quoted field`: an buɗe alamar zance ba a rufe ba. Wannan ya fi wahalar nema, domin laifin na iya kasancewa can sama da inda aka tsaya.

Sigar 17 ta zo da zaɓin `ON_ERROR ignore`, amma layukan da darajarsu ba ta dace da nau'in ginshiƙi ba kawai yake tsallakewa, ba ya gyara layi mai ƙarin waƙafi. Ni dai ban cika so ba, na fi son in ga layin da ya lalace a teburin zango da a jefar mini da shi.

Abu ɗaya kuma: a tsarin CSV, gurbin da aka bari fanko yana shiga a matsayin NULL, wato babu daraja ko kaɗan, amma alamar zance biyu ba komai a tsakaninsu tana shiga a matsayin rubutu fanko. A ido ɗaya suke, a tambayar SQL ba ɗaya ba ne.

*MySQL.*

```
LOAD DATA LOCAL INFILE 'mambobi.csv'
INTO TABLE zango_mambobi
CHARACTER SET utf8mb4
FIELDS TERMINATED BY ',' OPTIONALLY ENCLOSED BY '"' ESCAPED BY ''
LINES TERMINATED BY '\r\n'
IGNORE 1 LINES;
```

A MySQL 8, lodi daga kwamfutarka a kashe yake zuwa. Sai an kunna ta ɓangare biyu: `SET GLOBAL local_infile = 1` a sabar, da `mysql --local-infile=1` lokacin shiga. Idan ka cire LOCAL, fayil ɗin dole ya zauna a jakar da secure_file_priv ya nuna.

Gargaɗi biyu. Na farko, `\r\n` na fayilolin Windows ne, na Linux da Mac `\n` ne. Idan ka sa `\n` a fayil ɗin Windows, wani harafi marar ganuwa zai manne a ƙarshen ginshiƙi na ƙarshe, bincike ya daina samun abin da kake gani da idonka. Na biyu ya fi haɗari: da LOCAL, MySQL ba ya tsayawa a kan yawancin kurakurai. Zai datse abin da ya yi tsawo, ya cike abin da ya gaza, ya tsallake maimaici, ya ce ya gama. Karanta adadin da ke gaban Skipped da Warnings, kuma in ba sifili ba ne, buga `SHOW WARNINGS;` nan take, kafin wani umarni ya share su.

*SQLite.* `.import --csv --skip 1 mambobi.csv zango_mambobi`. Idan teburin yana nan kuma ka manta `--skip 1`, sunayen ginshiƙai za su shiga a matsayin mamba na farko. Idan teburin babu shi, SQLite zai gina shi da kansa daga layin farko, don haka a nan ba a tsallakewa.

Masu SQL Server suna da BULK INSERT da bcp, masu Oracle suna da SQL*Loader. Sauran matakan ba sa canzawa.

6. Ƙirga

`SELECT count(*) FROM zango_mambobi;` Adadin ya zama abin da ka rubuta a takarda, a cire ɗaya na layin sunaye. Idan bai yi daidai ba, kada ka wuce. Bambancin na iya zama marar laifi: `wc -l` alamar sabon layi yake ƙirgawa, don haka rubutun da aka karya gida biyu cikin alamar zance zai ƙara masa adadi, layin ƙarshe marar alama kuma zai rage masa ɗaya. Amma sai ka gano dalilin da kanka. In akwai ginshiƙin kuɗi, tambayi mai fayil jimillar da yake da ita, ka kwatanta da taka a mataki na 8.

7. Tantance

Fara da maimaici:

```
SELECT trim(lamba), count(*) FROM zango_mambobi
GROUP BY 1 HAVING count(*) > 1;
```

Sai kuɗin da ba lamba ba:

```
SELECT * FROM zango_mambobi
WHERE kudi IS NULL OR kudi !~ '^[0-9,]+(\.[0-9]+)?$';
```

Yi irin wannan ga kowane ginshiƙi da zai zama lamba ko kwanan wata. Daga sigar 16 ta PostgreSQL akwai `pg_input_is_valid`, wanda zai gaya maka ko rubutu zai shiga wani nau'i ba tare da ya tsayar da aiki ba.

Kwanan wata yana buƙatar natsuwa ta musamman. 03/04/2024 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris ne, kuma rumbun bayanai zai karɓi kowanne ba musu. Na taɓa karɓar fayil da aka haɗa daga ofisoshi biyu, kowanne da nasa tsarin, a ginshiƙi ɗaya. Ranakun da suka wuce 12 ga wata ne kawai suka tona asirin, sauran ba su da wata alama, sai da aka koma takardun asali. Tun daga nan nake fara duba lamba mafi girma a gurbi na farko da na biyu:

```
SELECT max(split_part(ranar_shiga,'/',1)::int),
       max(split_part(ranar_shiga,'/',2)::int)
FROM zango_mambobi;
```

Gurbin da ya wuce 12 shi ne rana. Idan duka biyun sun wuce 12, fayil ɗin gauraye ne, ka dakata ka nemi mai shi. Idan babu wanda ya wuce, tambaya za ka yi, kada ka yi cinta.

Layukan da suka faɗi jarrabawa, kwashe su zuwa wani tebur ka aika wa mai bayanan. Ba aikinka ba ne ka yanke wanne ne sahihi cikin mutum biyu masu lamba ɗaya.

8. Kwashe zuwa ainihin tebur

Yi shi cikin ɗauri ɗaya (transaction), yadda za ka iya janyewa:

```
BEGIN;
INSERT INTO mambobi (lamba, suna, waya, ranar_shiga, kudi)
SELECT trim(lamba)::int,
       trim(suna),
       nullif(trim(waya), ''),
       to_date(ranar_shiga, 'DD/MM/YYYY'),
       replace(kudi, ',', '')::numeric(12,2)
FROM zango_mambobi
ON CONFLICT (lamba) DO NOTHING;
SELECT count(*), sum(kudi) FROM mambobi;
```

Duba adadi da jimilla. In sun gamsar da kai, `COMMIT;`. In ba haka ba, `ROLLBACK;`, tebur ya koma yadda yake. Kada ka bar ɗaurin a buɗe ka tafi wani aiki, zai iya tsare wasu masu rubutu a teburin.

Lambar waya ta zauna a rubutu har abada, ba a lissafi da ita. Kuɗi kuma numeric ko decimal, ba float ba, domin float ba ya riƙe 0.1 daidai, kuma ƙananan kurakuran suna taruwa a jimilla.

Gargaɗi: cire waƙafi daga kuɗi daidai ne idan 1,250.50 aka rubuta. Idan 1250,50 ne irin na Jamus, cire waƙafin zai ninka kuɗin sau ɗari. Sannan ka yanke shawara tun wuri kan lambar da take cikin tebur tun da: DO NOTHING yana barin tsohon bayani, DO UPDATE yana maye gurbinsa da sabo. DO UPDATE zai ƙi aiki idan lamba ɗaya ta zo sau biyu a fayil, wani dalilin da ya sa aka fara da neman maimaici. In akwai tebura masu alaƙa, loda uwa kafin 'ya'ya: mambobi tukuna, sannan biyan kuɗinsu.

9. Idan layukan miliyoyi ne

Fayil mai layi dubu ɗari biyu ba ya buƙatar wannan mataki. Ga mai miliyoyi, fihirisa ce ke cin lokaci, domin kowane layi sai an sabunta ta. Idan teburin sabo ne ko ba a amfani da shi a lokacin, cire fihirisar da ba ta babban mabuɗi ba, loda, sannan ka sake gina ta, bayan ka ɗaga `maintenance_work_mem` a zaman da kake ciki. Ajiye umarnin gina ta kafin ka cire. A teburin da jama'a ke aiki da shi kuwa, bar ta, ka zaɓi lokacin da aiki ya lafa.

Fayil matsattse ba sai ka warware shi ba: `\copy zango_mambobi FROM PROGRAM 'gunzip -c mambobi.csv.gz' WITH (FORMAT csv, HEADER true)`. Daga sigar 14, `pg_stat_progress_copy` yana nuna inda aka kai. Idan ta nesa kake aiki, shiga tmux ko screen, manhajojin da ke barin aiki ya ci gaba a sabar ko ka katse, don yankewar intanet kada ta kashe lodin. Ana iya raba fayil da `split -l 1000000`, amma yanki na farko ne kaɗai ke da layin sunaye, kuma rabawar na iya faɗawa tsakiyar rubutun da ya karye layi biyu. Lodin da ya mutu a hanya yana barin matattun layuka suna cin wuri, don haka yi TRUNCATE, umarnin share tebur kakaf, a teburin zango kafin ka sake.

10. Gyaran bayan aiki

Idan ginshiƙin lamba mai ƙirga kansa ne kuma ka zuba lambobi daga fayil, ma'ƙirgin PostgreSQL bai san ka yi ba. Mamba na gaba da manhaja za ta yi wa rajista zai ci karo da lambar da ke akwai. Matsar da shi gaba:

```
SELECT setval(pg_get_serial_sequence('mambobi','lamba'),
              (SELECT max(lamba) FROM mambobi));
```

MySQL yana yin wannan da kansa. Sai `ANALYZE mambobi;` don rumbun ya san sabon girman teburin ya zaɓi hanyar bincike mai kyau.

Ɗauko layi goma daga wurare daban-daban na fayil ɗin, har da na ƙarshe da masu ƙ da ɗ a suna, ka neme su a manhajar da mutane ke amfani da ita, ba a psql kaɗai ba. Tattara duk umarnin da ka yi cikin fayil ɗaya tare da kwanan wata da adadin layuka, domin wata mai zuwa za a sake kawo irin wannan fayil. Bar teburin zango na 'yan kwanaki har mai bayanan ya tabbatar, sannan `DROP TABLE zango_mambobi;`. Fayil ɗin CSV da kwafin ajiyar da ka ɗauka a mataki na 3 suna ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane ba tare da kalmar sirri ba, don haka goge su daga kwamfutarka da kan sabar, ko ka mayar da su wurin da aka kulle.